Famfon Gwaggo Hilma

Palo, 9 ga Nuwamba, 1996

Zuwa ga Irja, Maman Lorna,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan wannan takarda ta same ki cikin sauƙi. Yaya ƙirjin? Yaya tarin asuba? Ina fata kina shaƙar maganin nan yadda likita ya ce, ba yadda ke kika ga dama ba. Ki gaishe min da 'yarmu Lorna da mijinta da yaran. Ni lafiyata ƙalau, in aka cire gwiwoyi biyu, da kunnen hagu, da abin da zan gaya miki yanzu.

Na san za ki ce me ya hana ni buga waya. Kin dai san tun da ƙarar injin zarto a daji ta cinye min kunne, in ana magana a waya ji nake kamar mutum na kirana daga cikin rijiya. Kuma Lorna ce ke ɗauka, ita kuwa tun tana 'yar shekara biyar take gane ƙaryata daga numfashi. Takarda ba ta numfashi. Sai ki yi haƙuri da rubutun, a aji shida na tsaya, shi ma na shidan rabinsa a daji na yi shi.

To, labulayenki na kicin. Fararen nan biyu da kika yi wa saƙa a baki. Kar gabanki ya faɗi, ba su ƙone ba. Launi kawai suka sake.

Bari in ɗauko miki daga farko. Murhun waje ya iso, an sauke shi a gangare kusa da rumfar itace, taku hamsin daga ƙofar baya. Wani ƙaton abu ne kamar ƙaramin ɗaki, wuta a tsakiya, ruwa kewaye da ita. Na sa masa suna Gwaggo Hilma, don ya yi kama da marigayiya gwaggonki: yana zaune wuri guda, yana cin duk abin da aka miƙa masa, yana busa hayaƙi tun safe har yamma. Ruwan da ke cikinsa in ya yi zafi zai bi bututun da na binne ya hau gida, ya zaga ƙarƙashin daɓen katako ɗaki-ɗaki, ya sake gangarowa. Wuta a waje, ɗumi a ciki, ba ɗigon hayaƙin da zai kusanci ƙirjinki. Abin da likita ya nema ke nan.

Ki gaya wa Lorna ban manta sharaɗinta ba. Ranar Lahadi, sha biyar ga watan gobe, za ta zo da ma'aunin zafinta. In ya nuna digiri saba'in na Fahrenheit a cikin gida kuma hancinta bai ji hayaƙi ba, za ta maido min ke. In bai nuna ba, in sa hannu a takardar gidan benen nan na birnin Duluth, in tattara karena mu bi ki. Na yarda da bakina, ba zan musa ba.

Abin da ke zagaya da ruwan wani ɗan famfo ne na lantarki. Mutumin da ya kawo murhun ya nuna min wata 'yar ƙofa a bayansa, can ƙasa daidai ƙwauri, ya ce a nan ake ɗaura shi. Ta gefen kunnena na hagu ya tsaya, saboda haka ina da hujja in an kai ni kotu. Amma tsakanina da ke, na ji shi sarai. Na dubi ƙofar, na dubi gwiwoyina, gwiwoyin suka ce ba da su ba. Sai na jawo bututun har cikin kicin, na rataya famfon a bango tsakanin taga da agogo, daidai ƙirjina, inda dattijo ɗan shekara sittin da bakwai zai gyara kayansa a tsaye da mutuncinsa.

Da na kunna shi, sai ya kama ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Na ce iska ce ta shige, bari in sassauta noti ta fita. Na sa sifana. Ya yi shiru, ya yi tari sau biyu irin na gwaggonki, sannan ya tofa. Ni, da agogo, da labulaye, duk muka zama launin gahawa.

Na wanke su da sabulunki mai ƙamshi na shanya a igiya. Kafin azahar sanyi ya mai da su katako. Da na cire su daga igiyar na ajiye a kan dusar ƙanƙara don in gyara safar hannu, sai suka tsaya da ƙafafunsu, su biyu, kafaɗa da kafaɗa, kamar mata biyu a ƙofar coci suna jiran a zo ɗaukarsu. Na daɗe ina kallonsu. Har na cire hula na gaishe su.

Akwai kuma wani ɗan ƙaramin abu. Tsohon murhunmu na cikin gida, tun makon jiya na cire shi na kai bukkar farauta, don na tabbata aikina zai yi. To yanzu gidan ba wuta. Na tsiyaye ruwan famfunan gida kar su fashe, na kai shukokinki ɗakin ƙasa kusa da ɗan abin ɗumama na lantarki, ni da karenmu Nalle muka ƙaura sauna, bukkar wankan tururin nan tamu. A ɗakin tuɓe kaya muke kwana. Shi yana ganin hutu muka zo.

Da la'asar nakan zauna a kan kututture in kalli Gwaggo Hilma. In ba iska, hayaƙinta ba ya tashi sama, kwanciya yake ya miƙe a kan fili ya ratsa tsakanin fararen itatuwa har bakin rafi, shuɗi-shuɗi, a hankali, kamar mai neman wani. Jiya har na ga kamar ke ce kike tahowa ta cikinsa da kwandon wanki a ƙugu. Ashe labulayen ne.

Na gano matsalar, famfon ne ya yi ƙanƙanta. Akwai wani babba da na gani a sito, wanda na samo lokacin da aka rufe gidan madarar nan. Shi zan ɗaura. Kar ki gaya wa Lorna komai. Kuma don Allah kar ki ambaci sunan maƙwabcinmu Sulo.

Ki sha ruwan zafi da zuma, ki rufe wuyanki. A huta lafiya.

Naki tun daga kan tsani,
Arvo

Palo, 21 ga Nuwamba, 1996

Irja tawa,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata jikin yana ƙara sauƙi, kuma yaran Lorna suna barinki ki yi barcin rana. Takardarki ta iso jiya, tare da burodin nan naki mai ƙamshi. Burodin na cinye. Takardar kuma ba ta ɗauke ni lokaci ba, tunda duka-duka abin da ke ciki shi ne: "Arvo, je ka kira Sulo. Sa hular ulu." Na juya bayanta ko akwai saura. Babu. Hular na sa.

Ke dai kin san dalilin da ya sa shekara arba'in da ɗaya muna maƙwabtaka da mutumin nan ban taɓa aron ko ƙusa a wurinsa ba. Shi ne ya zo gidan babanki da kwat da fure, ya sa gwiwa ɗaya a ƙasa a gaban kowa, ya buɗe akwatin zobe yadda ake yi. Kika ce a'a. Bayan mako biyu ina kan tsani ina buga rufin ɗakin shanun babanki, ƙusa uku a bakina, kika zo wucewa da bokitin madara, na leƙo na ce ko za ki aure ni. Kika ce in cire ƙusa daga baki in maimaita. Tun daga ranar, duk bikin da muka je, sai kin gaya wa amarya cewa ke kaɗai ce a yankin nan aka nemi aurenta daga sama kamar tsuntsu ya yi mata kashi. Duk Kirsimeti sai kin ce ina da bashin durƙuso. Ni kuma in ce gwiwa ta tsufa. To yaya zan je wurin mutumin da ya yi komai daidai ya rasa, in ce ya zo ya gyara wa wanda ya yi komai a karkace ya samu?

Babban famfon dai na ɗaura shi, a nan inda ƙaramin yake. Sai da na ƙara katako a bango don ya ɗauki nauyinsa. Da na kunna, kofunan shayinki suka fara tafiya a kan kanta, ɗaya bayan ɗaya, a natse, suna nufar baki. Na tare huɗu. Na biyar ɗin ba mai furen nan ba ne, kar ki damu. Tsakuwar da ke cikin gwangwani ta koma duwatsu. Daɓen bai yi ɗumi ba ko kaɗan, famfon ne ya yi zafi, har ya fara warin ƙonannen gashi, sannan ya mutu. Gwaggo Hilma kuwa tana can gangare tana tafasa ita kaɗai, tururi na fita ta saman kanta, duk zafin duniya a cikinta, ba hanyar kai shi inda ake bukata. Na tsaya tsakanin ita da gidan na ce, to, ga ni ga 'yar'uwata.

Lorna ta aiko min da hoton gidan benen. Hawa na uku ne. Ta zana kibiya a jikin wata taga ta rubuta "taku". Na sa tabarau na duba abin da tagar ke kallo, filin ajiye motoci ne. Da rana na ɗan kishingiɗa a sauna na yi mafarki muna can, ke da ni. Ɗakin da ɗumi ƙwarai, ba wanda ya san daga ina ɗumin ke zuwa. Ina ta zagayawa da gungumen itace a hannu ina neman inda zan sa shi, na buɗe firiji, na buɗe kabad, ke kuma kina zaune bakin taga kina ƙirga motoci. Ba ki yi tari ba ko sau ɗaya. Wannan ne ya tashe ni. Don in gaskiya za a bi, Irja, in can ne kawai za ki yi numfashi, zan hau hawa ukun nan ko da rarrafe. Amma ina so ki sake ganin barewa daga tagar kicin ɗinki.

Gobe zan je wurin Sulo. Ba don kin ce ba. Dama ina da niyyar bi ta wajen.

Ki gaishe da kowa. Allah ya ƙara sauƙi.

Mijinki mai hular ulu,
Arvo

Palo, 2 ga Disamba, 1996

Zuwa ga 'yar tsohuwata,

Ina gaishe ki gaisuwa irin ta wanda ya kwana a gadonsa. Yaya ƙarfin jiki? Lorna ta rubuto cewa kin fara hawa matakala ba tare da tsayawa ba, na ji daɗi har na karanta wa Nalle. Ki zauna da kyau, takardar yau doguwa ce.

Na sami Sulo yana gyaran ragar kifi. Ya ɗago ya dube ni, ya dubi hular, ya ce, "A'a, mai tsani. Wa ya mutu?" Na ce famfo biyu. Bai yi dariya ba. Ya naɗe ragar, ya ɗauko akwatin kayan aikinsa na zamanin da yake ɗakin injin jiragen ɗaukar tama a babban tafki, ya shiga motata kamar kullum muke haka.

Da muka shiga kicin ya ga famfon a bango, sai ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya tambaye ni ko hoton iyali ne da na rataya shi kusa da agogo. Na ce don sauƙin gyara ne. Ya ce lalle kam, ga shi kullum cikin gyara nake.

Ya ja ni waje ya tsayar da ni a tsakar gida, ya ce in dubi saman Gwaggo Hilma, in dubi tagar kicin, in gaya masa wanne ya fi tudu. Na ce taga. Ya ce to shi ke nan maganar. Irin wannan murhu ba a rufe yake ruf ba, yana numfashi ta wani ɗan bututu a samansa, don haka babu abin da ke danna ruwan cikin bakin famfo sai nauyin ruwan kansa. In famfon yana ƙasa, ruwa na zaune a kansa kullum, cikinsa cike. In ka ɗaga shi sama da ruwan, sai ya koma tsotso, shi kuwa ba a yi shi don tsotso ba, turi ya iya. Ruwan zafi in aka tsotse shi sai ya ɓalle da kumfa tun bai kai tafasa ba, kumfar nan ce tsakuwar da nake ji, ita ce kuma ta cinye famfunan. Ya ce ko famfon jirgin ruwa na rataya a bangon nan, iska zai sha ya mutu.

Sannan ya tambayi tsawon bututuna. Na ce ƙafa ɗari da hamsin, da ƙafata na auna, taku hamsin cif. Ya ce, "Zuwa ke nan. Dawowa fa?" Na dubi gangaren. Ya ce, "Arvo, ruwan nan da ka aika gida, a can zai tare?" Wallahi Irja, ban taɓa lissafa dawowar ba. Na auna hanyar tafiya na tafi na sayi famfo. Ke da kika san ni ba za ki yi mamaki ba.

Muka zauna a sauna, ya yage murfin kwali ya lashi fensir. Ya ƙirga ɗakuna da tagogi, ya tambayi abin da ke cikin bango, ya ce gidanmu a tsakiyar sanyi yana son galan takwas na ruwan zafi a kowane minti. Ya rubuta takwas. Sannan ya haɗa zuwa da dawowa, ya ƙara wani abu saboda kowace kwana da bututun ya sha, don a cewarsa kowace kwana tana gajiyar da ruwa kamar ƙarin tafiya. Ni kuwa na zuba kwana a aikin nan kamar tafiyar mashayi. Ya fitar da lamba ta biyu, ta nauyin turin. A shago ya buɗe takardar da ke cikin kwalin kowane famfo, akwai wani layi a lanƙwashe, ya sa yatsa ɗaya a lambar farko, ɗaya a ta biyu, ya ja su har suka haɗu. Wanda layinsa ya bi ta wurin haɗuwar shi muka ɗauka. Na farkon nan nawa ya yi kaɗan, na gidan madara ya yi yawa ninki uku. Wanda ya dace bai fi burodinki girma ba. Na ɗan ji kunya a madadinsa.

Ya koya min wani abu da zan nuna miki in kin zo. Bututu biyu ne, mai tafiya da mai dawowa. Ka kama ɗaya a kowane hannu. In mai dawowa ya yi sanyi sosai, famfon ya yi rauni, ruwan yana jan ƙafa a hanya, ɗakin ƙarshe ba zai samu komai ba, kuma ruwan sanyin zai sa murhu ya yi gumin kwalta daga ciki ya ruɓe. In kuma duka biyun zafinsu ɗaya, famfon ya yi ƙarfi, ruwan ya shiga gida ya fita a guje kamar baƙon da bai zauna ya sha gahawa ba. Wanda ake so shi ne mai dawowa ya ɗan huce kaɗan, kamar awo ashirin. Ya je, ya zauna, ya bar abin da ya kawo, ya dawo da sauran ɗuminsa.

To sai aka zo ɗaurawa. Muka zagaya bayan Gwaggo Hilma, Sulo ya buɗe 'yar ƙofar nan ta ƙasa, ya miƙo min sifana. Na ce ai shi ne gwani. Ya ce shi ya yi nasa durƙuson a shekara ta hamsin da biyar, bai ga abin da ya tsinana masa ba, yanzu layi ya zo kaina.

Na shimfiɗa buhu a kan ƙanƙara. Na dafa murhun. Gwiwar dama ta sauka da ƙara kamar an karya busasshen reshe, ta hagu ta bi ta tana zagina. Sulo yana tsaye a kaina yana ba da umarni: kibiyar da ke jikin famfon ta kalli gida, injin ya kwanta a gicciye kar ya tsaya a tsaye, bawul na rufe ruwa ɗaya gabansa ɗaya bayansa don ran da zai mutu a canza shi ba sai an zubar da ruwan duka ba. Awa ɗaya da rabi na yi a ƙasa. Daga can duniya daban take, Irja. Na ga sawun ɓera a ƙanƙara, ƙanana kamar ɗinki. Na ga gidanmu daga ƙasa, ya yi tsawo ya yi kyau, kamar ranar da muka fara ganinsa.

Ya ce in kunna. Na kunna. Ban ji komai ba, na ce ya mutu shi ma. Sulo ya kama hannuna ya ɗora a kan famfon. Yana rawa a hankali, kamar ka dafa kyanwa mai barci.

Sai na zo tashi. Gwiwoyin suka ce ai sun zauna ke nan. Na yunƙura sau uku. Sulo ya koma kan kututture ya zauna ya buɗe gorar gahawarsa, ya ce ba ya sauri, shekara arba'in da ɗaya yake jiran ganin wannan. Na ce masa tsohon banza. Ya ce na'am. Ya zuba min a murfin gorar ya miƙo, na sha a durƙushe.

A nan ne ya gaya min abin da ban taɓa sani ba. Ya ce bayan an sa ranarmu ya tare ki a bakin shago ya tambaye ki laifinsa. Kika ce masa ba shi da laifi ko ɗaya, shi ya sa. Shi zai iya rayuwa lafiya ba ke, wancan kuwa na kan tsani in ba a samu mai riƙe masa ƙafar tsanin ba, ba zai kai kaka ba. Haka kika ce? Ashe duk shekarun nan da nake ganin ni ne a sama, ke ce a ƙasa kina riƙe da komai.

Daga baya ya sa hannu a hammatata ya ɗaga ni. Nauyina ya kusa kai mu ƙasa mu biyu.

Kafin rana ta faɗi na shiga kicin na cire takalmi. Ta bakin ƙofa ɗumin ya fara, ya bi katako ɗaya-ɗaya, ya wuce ƙarƙashin tebur, ya nufi ɗakinmu. Na bi shi da safa a hankali kamar mai bin sawu. Nalle ya riga ni gane inda ya fi daɗi, gaban wurin wanke-wanke, daidai inda kike tsayawa.

Sulo ya ce in gaishe ki. Na ce zan duba in akwai wuri a takardar.

Ki kula min da kanki.

Naki,
Arvo

Palo, 16 ga Disamba, 1996

Irja,

Gaisuwa da fatan kin tashi lafiya, ke da mutanen gidan duka. Na san Lorna ta riga ta ba ki labari, amma nata labarin ba gishiri, bari ki ji nawa.

Kwana biyu kafin ta zo sanyi ya sauko da gaske, irin wanda itatuwa ke fashewa a daji kamar harbi. Na ciyar da Gwaggo Hilma itacen da ya fi bushewa, safe da yamma. Na kama bututun nan biyu har tafin hannuna ya haddace su.

Lorna ta iso da hantsi. Ba ta cire kwat ba. Ta bi ɗaki-ɗaki tana shinshina kamar mai neman ɓeran da ya mutu, ta shinshina gado, ta shinshina kabad, ta kama labulen kicin ta kai hanci, ta tambaye ni yaushe kika sayi masu ruwan ƙasa. Na ce yayi ne. Sannan ta rataya ma'auninta a ƙusar da ke kusa da agogo, inda famfo ya bar tabo, muka zauna muna kallonsa kamar masu jiran likita.

Ya hau, ya hau, ya tsaya a sittin da takwas.

Na ce a ba shi lokaci, ɗan birni ne, bai saba ba. Muka ƙara rabin awa. Sittin da takwas. Ta buɗe jaka, na hango takardar gidan benen a ciki, na fara laluben tabarau a aljihu, don alkawari na yi.

Sai ta sunkuya ta kwance igiyar takalmi. Na zaci ƙafarta ce ta gaji. Ta taka daɓen da safa, ta tsaya. Ta cire safar. Ta yi tafiya har gaban wurin wanke-wanke, ta ture Nalle, ta zauna a ƙasa, daga nan ta miƙe ta kwanta rigingine da kwat ɗinta, mace mai 'ya'ya uku, tana kallon rufi. Ta ce tana tuna lokacin da take tsalle daga tabarma zuwa tabarma da safe don kar ƙafarta ta taɓa katakon nan. Ta ce, "Baba, miƙo min ma'aunin can." Na ciro na ba ta. Ta ajiye shi a ƙasa kusa da kunnenta, ta rufe ido. Da ta buɗe, saba'in da biyu. Ta ce ita dai ba ta taɓa faɗin inda za a ajiye shi ba, kuma Mama gajeruwa ce.

Ba ta fito da takardar ba. Ta ci farfesun kifi kwano biyu, ta ce ya yi gishiri.

Asabar ke nan za su kawo ki. Zan hura sauna, ke kuma sai dai ki zauna a ɗakin tuɓe kaya har likita ya yarda. In kun shigo ta ƙofar baya, ki dubi gangare. A kan layin da na binne bututu ƙanƙarar ta ɗan lotsa, ta yi wata siririyar hanya daga Gwaggo Hilma har gindin gida. Sulo ya ce alamar ban naɗe bututun da kyau ba ne, ina ɗumama ƙasar Allah a banza, sai an tone in bazara ta yi. Amma da sassafe barewa uku ke zuwa su kwanta a kai, a jere, tururi na tashi daga bayansu. Daga tagarki ana ganinsu. Ban gaya masa ba, amma ina jin ba zan tone ba.

Saura magana ɗaya. Tunda Sulo ya gani da idonsa, kuma bakinsa ba ya riƙe ruwa, nan da Lahadi duk coci za su san gwiwar Arvo tana lanƙwasuwa. Hujjata ta shekara arba'in da ɗaya ta ƙare. Na durƙusa wa famfo awa ɗaya da rabi, ke ko minti ɗaya ba ki samu ba. Saboda haka ranar Asabar, in kin cire takalmi, ki tsaya gaban wurin wanke-wanke. Na gwada wurin jiya, na ajiye kujera kusa saboda dafawa. Zoben yana hannunki tuntuni, sai ki ara min shi na ɗan lokaci. Ba ƙusa a bakina wannan karon.

Ki ce wa mijin Lorna kar ya yi saurin juya mota, za a bukaci mai ɗagawa. In kuma bayan duk abin da kika gani kin ce a'a, ba komai, ki bar ni a nan ƙasa. Daɓen da ɗumi.

Sai kin zo. Allah ya kawo ki lafiya.

Mai jiranki,
Arvo